Yadda Aka Ware Mani Kwano a Tsibiri

Ɗiyana, na san kun sha jin ana kirana Sani Gursunu, wato Sani Alade. A Sabon Gari ana faɗi, a tashar Tsibiri ana faɗi, har a ƙofar masallaci in tsofaffin abokaina sun ƙoshi suna neman wanda za su tsokana. Ni ina amsawa da dariya, ku kuwa ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai kamar an kama ku da satar gyaɗa. Balki ma ta taɓa raɗa ma uwarku a ɗaki, wai da gaske ne Baba ya yi kiwon alade? Uwarku ta ce ta zo ta tambaye ni. Har yau ina jiran ta. To tun da ba ta zo ba, ni na zo. Lokacin da kakarku Inna ke da rai bakina a ɗaure yake, za ku ga dalili. Yanzu Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙan ta, kuma a cikin labarin nan akwai abin da ya shafi jinin jikinku, ba sunana kaɗai ba. Don haka ku aje wayoyin nan ku karanta a natse.

Ni dai kun sani, ma'aikacin sarbis ɗin kiwo ne. Mutanen ƙauye na ce mani likitan dabbobi, amma ban kai nan ba, ni mai allura ne da ɗibar jini da kama ƙafar akuya. Jar akuyar Maraɗi ita ta ciyar da ni, ita ta yi mani aure, ita ta kai ni yawon duniya. Saboda ita na sha shayi da Buzaye a arewacin Dakwaro har haƙorana suka yi ja, na ci kifi a Dakar har na fara jin ƙarni a mafarki, na kwana a tashar Wagadugu na yi matashi da jakata. To wata shekara ciwo ya shiga awaki, zawo da majina, ka ga garke ya kwanta kamar an share. Aka ce ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira birus, wadda ta yi ƙanƙanta har madubin da muke da shi ba ya ganin ta, sai dai a bi sawunta a cikin jini. Aka ce a tura mutum ɗaya sitaj, wato horon aiki, ya koyo bin sawun nan. Shugabanmu ya duba ya ga wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, ya ce Sani ya tafi. Aka tura ni wata cibiyar bincike can kurmi, kusa da bakin teku, ba nisa da tashar jiragen ruwa inda kamyon Alhazanmu, manyan motocin nan, ke ɗauko kaya.

Na ɗaura kayana ina tsammanin awaki zan tarar. Tun daga bakin ƙofa na ji wani kuka, ba na akuya ba, ba na tunkiya ba, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Matar da ke shugabantar aikin, wata doguwa mai fara'a da kowa ke kira Madam, ta tarbe ni, ta ba ni takalmin roba da safar hannu, ta buɗe wata ƙofa. Ɗiyana, aladu ne. Ƴan ƙanana, fal ɗaki, kowanne da lamba a kunne, suna kallona ina kallon su.

Na ce, "Madam, ina jin an ɓatar da ni hanya. Ni mutumin akuya ne."

Ta ce, "Jini jini ne, Sani. Abin da ka koya a nan shi za ka yi ma awakinka. Mu a nan aladu ne ke mutuwa."

Ranar ban ci abincin rana ba. Na nemi zangon Hausawa, na sami limaminsu, wani dattijo Bakatsine da ya daɗe a kurmi, na zayyana mashi komai. Ya saurare ni yana taunar goro.

Ya ce, "Ci aka hana ka, ɗana. Za ka ci?"

Na ce, "Allah ya kiyaye, Malam."

"Za ka sayar?"

"A'a."

"To a wurin malamanmu, abu in yana da rai ba najasa ba ne. Ka wanke hannunka, ka yi sallarka, ka koyo abin da zai tsirar da awakin talakawa. In kun tashi aiki ka zo mu ci tuwo."

Da wannan na koma. Bari in gaya maku aikin, don shi ne gindin labarin. Wani zazzaɓi na birus ke kashe aladun ƙasar, ba shi da magani, in ya shiga gidan mai kiwo sai ya bar shi da kango. Su Madam kuma suna da wata iska, iskar barci, irin wadda ake shaƙa ma mutum a asibiti kafin a yi mashi aiki. Ana kifa ma ɗan alade wani ɗan mazurari na baƙar roba a hanci, ya shaƙa, ya yi laushi kamar tsumma, a ɗibi jininsa ba kokawa. Amma cikin garke akan sami wasu da iskar ba ta yi masu haka. Maimakon su yi laushi sai su sandare, ƙafafun baya su miƙe kamar taɓarya, jiki ya ɗau zafi kamar an ɗora shi kan murhu, numfashi ya yi sama-sama. In ba a cire mazurarin da sauri ba, shi ke nan. Abin gado ne, daga iyaye yake zuwa. Tambayar da su Madam ke bi ita ce, shin masu sandarewar nan su ne birus ɗin ya fi kayarwa, ko su ne suka fi jure mashi? Wasu kuma cikinsu na cewa wataƙila iskar ce kanta ke raunana jiki ta buɗe ma cutar ƙofa. Kullum da rana suna gardama a gindin mangwaro, da Faransancin da ya fi ƙarfina. Har na baro ba su gama ba, kada ku tambaye ni wa ya yi gaskiya. Ni aikina riƙe mazurari da aza tafin hannu a cinyar ɗan alade. Da na ji cinyar ta fara tauri sai in yi kira, a cire, a kwara mashi ruwan sanyi. Na yi ta yi har hannuna ya haddace. Wata rana muna wanke hannu Madam ta ce mani, kamar mai ba da labarin kasuwa, "Ka san mutane ma akwai masu wannan? Gida-gida yake bi. Ba su da yawa, amma akwai." Na ce Allah ya sawwaƙe, na zuba maganar a aljihu tare da sauran abubuwan da ake gaya ma baƙo.

Da komai ya tafi lafiya lau, ba don kilishi ba. Inna ta ga ɗanta ya daɗe a ƙasar da ba gero, ta haɗa mani kilishi da dakakken yaji da garin kuka, ta aika gidan yayana Alhaji Lawali, babanku na Sabon Gari, don kamyonsa na bin hanyar. Shi ya ba direbansa Idi saƙon. Idi kuwa Allah ya yi shi da kirki da dogon baki. Bai tsaya a ƙofa ba, ya kutsa yana sallama, ya same ni da takalmin roba har gwiwa, na rungume ɗan alade a ƙirji kamar jinjirin suna, ina shafa mashi baya ina cewa sannu, sannu, don a lokacin ya farfaɗo.

Idi ya ce, "La'ilaha illallahu! Malam Sani, kai ne?"

Na ce, "Idi, tsaya in yi maka bayani."

Ya ce, "A'a, na ga bayani." Ya aje kilishin a ƙasa, nesa da ni, ya ja da baya har ya yi karo da ƙofa.

Kamyo mai kaya yana daɗewa kafin ya iso Maraɗi, ga shingen duwan masu binciken kaya ga ramuka, amma labarin ya riga shi isowa. Ina jin a kowace tasha Idi ke sauke kaɗan. Kafin maganar ta kai Tsibiri ɗan alade ɗaya ya zama garke, ni kuma na zama mai goya su da majanyi.

Da na dawo na sauke jaka na wuce Tsibiri gaida Inna. Ku kun san ta tana tsohuwa mai raba maku alewa, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Bagobira ce ta gaske, da zanenta a kumatu, in ta ce a'a to nemi wata hanya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan ƙasar, ta sa mani albarka. Aka kawo tuwo. Da can in na zo, a akushin marigayi Baba ake zubawa, mu ci da duk namijin da ke gidan. Ranar sai na ga an aje mani wani koren kwano mai murfi, sabo fil, can gefen tabarma.

Na ce, "Inna, baƙo aka yi?"

Ta ce, "Naka na. Sabo na, ba wanda ya taɓa ci ciki. Ba kuma wanda za shi ci bayanka."

"Inna, ban ci ba fa. Limamin zango ma ya ce…"

"To ka koma limamin zango shi ba ka akushi nai. Ci tuwonka, shina hucewa."

Alhaji kuwa abin nema ya samu. In na biyo ta ƙofar kantinsa sai ya ɗaga murya, "Ku matsa ma likita, kada ya shaƙa maku iska ku tashi kuna gurnani!" Shi ya raɗa mani sunan nan, ba tare da ya yanka rago ba. A nan sai in tuna maku wani abu da kuka gani da idonku amma ba ku kula ba. Alhaji ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, in dole ta ambace shi sai ta ce "wancan na Sabon Gari". Tun da aka yaye shi aka kai shi Jiratawa wurin Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, ita ta raine shi. Ya gina ma Inna ɗakin siminti, ya kai ta Makka, amma in ya shigo gaisuwa sai ta sami abin gyarawa a bakin zanenta har ya fita. Kunya ke nan ta mutanen da. Ku da uwaye ke ɗora hoton ɗan fari a waya duniya ta gani, sai kun yi haƙuri kafin ku gane.

Bayan damina Inna ta fara ciwo. Ƙaba ce, ƙullutu a ƙasan ciki da ke fitowa ya koma. Ta daɗe tana ɓoyewa, tana shan jiƙo, har ranar da aka same ta a durƙushe bakin rijiya. Muka kawo ta asibiti a Maraɗi. Lokotoro ya ce aiki za a yi, kuma gara yanzu, don in wata rana ta fito ta ƙi komawa hanji ke naɗewa, a lokacin kuma gudu ne da mutuwa. Abin mamaki Inna ta yarda ba gardama. Aka kai mu wurin lokotoron barci, mai sa mutum barci kafin aiki, wani saurayi mai natsuwa. Ni ina gefen gado, Alhaji na bakin ƙofa yana kaɗa makullan mota. Saurayin ya auna ta, ya yi tambayoyinsa, har ya zo kan wannan.

"Inna, a gidanku akwai wanda aka taɓa sa shi barci don aiki, abin ya zo da matsala?"

Inna ta kalli bango ta ce, "Babu."

Ya rubuta. Ana haka sai wata ma'aikaciya ta turo wani teburi mai taya ta gabanmu, a kansa ga baƙin mazurarin roba da igiyarsa. Na ga Inna ta bi shi da ido har ya tsaya.

Ta ce, "Mi ne wancan?"

Saurayin ya ce, "Shi za mu sa maki a hanci, Inna. Ki ja numfashi, sai barci mai daɗi."

Sannan ta juyo gare ni. "Sani, iskar nan irin ta gursunanka ta?"

Na dubi kwalbar iskar da ke kan teburin, sunan da ke jikinta shi ne wanda na saba gani. Alhaji ya matso ya taka mani ƙafa, da takalminsa mai tsini. Na ce, "Ita ce, Inna. Amma…"

Ba ta jira amma ba. Ta sauko daga gado, ta gyara ɗaurin zane. "Ku kai ni gida. Abin da anka sa ma hancin gursunu ba a sa ma nawa."

Saurayin ya ce, "Haba Inna, wannan na mutane ne, bai taɓa ganin dabba ba."

"Ɗana, Allah shi yi maka albarka. Ina takalmana?"

Muka maida ta Tsibiri. A hanyar dawowa Alhaji ya tuƙa mota kamar ita ta yi mashi laifi.

"Ƙarya ɗaya, Sani! Ƴar ƙarama! Kai da ka cika mana kunne da kifin Dakar mai girman jaki, yau ƙarya ta gagare ka?"

Na ce, "Yaya, wancan ado ne. Ita kuma in ta kafe ka da ido…"

"Ni ina na san idonta?" Ya kauce ma wani amalanke. "In wani abu ya sami tsohuwar nan, kai da aladunka ku nemi gari."

Aka shiga aike. Limamin unguwa ya je, ta ba shi fura ya sha ya fito. Maƙwabta suka je. Uwarku ta je da ciki niƙi-niƙi, Balki ce a ciki, ta dawo da ƙwaryar daddawa da a'a. Gari ya ɗauka, wai ɗa ya je ya yi wasa da alade ya ja ma uwarsa. Ƙabar kuwa sai ƙara fitowa take. Wata safiya na same ta kwance tana maida ita da tafin hannu, gumi na zuba, ga amai a kasko. Da ƙyar ta koma. Na fito tsakar gida na tsaya, na san in ta sake yin haka ta ƙi komawa ba wanda zai tambayi ra'ayin kowa, mazurarin nan za a kifa mata. Na tuna mutum ɗaya ce a duniya Inna ke jin nauyinta. Na hau moto, ɗan babur ɗina, na nufi Jiratawa.

Na sami Gwaggo Tsahara a garkarta bakin kanal ɗin ban-ruwa, tana tsinkar zogale, ruwa na bin fangali, ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ko'ina. Ta ɗaga kai ta kare rana da hannu.

"Wa nake gani? Mai aladu! Tsaya nan, kada ka taka mani albasa, ban san hukuncinta ba in ka taka."

Na gaishe ta, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ina tsammanin za ta yi salati, sai ta fashe da dariya har ta zauna a bakin kanal.

"Uwarka? Tsoron alade? Matar da ta kashe kububuwa da muciya ta koma tuƙa tuwonta? Ɗauki kwandon nan ka tsinka. Hannu na aiki kunne na ji."

Na ɗauka. Ta ce, "Lawali na yaro, bai daɗe da kaciya ba, wani ƙullutu ya fito mashi a matsematsi. Babanku ya ce a kai shi asibitin Turawa, can nesa. Ni ce uwa, ni na ɗauke shi. Mun hau mota sai ga uwarka ta hau baya, wai tana da ƴar'uwa a garin za ta gaishe ta. Wace ƴar'uwa? Ko akuya ba ta sani ba a garin. To aka shigar da shi, aka bar ni in riƙe shi har ya yi barci. Suka kifa mashi baƙin abin nan a hanci. Ina riƙe da ƙafarsa, Sani, sai na ji ƙafar ta zama icce a hannuna. Jiki zafi kamar tukunya. Wata Baturiya ta fizge abin, suka fitar da ni, suka yi ta kwara mashi ruwa, suna naɗe shi da jiƙaƙƙen zane. Kowa ya cire rai. Allah ya yi da sauran kwanansa. Daga baya da allura suka yi mashi aikin."

Na ce, "Inna fa?"

"Ta taga ta gani, duka. Da na fito na same ta gindin itacen bedi ta ba ƙofa baya. Na ce, ya farfaɗo. Ka san abin da ta ce? Wai, wa? Wa! Amma bakin mayafinta duk ta tattaune shi ya zama zare."

"Shi Yaya bai sani ba?"

"Yaro ne. Ya tashi ya nemi ƙosai. Babanku ya ce a bar maganar, muka bari."

Ɗiyana, na tsaya da zogale a hannu, tafin hannuna na tuna cinyar ɗan alade. Maganar Madam ta fito daga aljihun da na zuba ta, gida-gida yake bi. Sannan na ga sauran. An tambayi Inna a gaban ɗan farinta ko wani nata ya taɓa wahala. Ta ina za ta fara? Ta ce ɗana, ga shi nan tsaye da makulli? Ta ce na bi mota, na leƙa taga, na tauna mayafi? Gara ƙabar ta kashe ta. Sai ga gursunu a kusa, abin da kowa zai yarda da shi, sai ta kama.

Na ce, "Gwaggo, ɗauko mayafinki."

"Zogalena fa?"

"Zogale ba ya gudu."

Ta hau bayan moto tana tsine ma duk ramin da muka faɗa, har asibiti. Lokotoron barci ya saurare ta bai katse ta ba. Ya tambaye ta, haɓar yaron ta ƙi buɗuwa? Ta ce kamar an ɗaure da igiya. Ya aje alƙalami.

Ya ce, "Abin da ya sa muke tambayar ke nan. Ba zan rantse shi ne ba, ba mu da abin gwadawa a nan, kuma ban san ko ta wajen uwa ya gado ko ta wajen uba ba. Amma ba zan gwada a jikin tsohuwa ba. Allura za mu yi mata a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya yi barci, ita tana farke." Ya dubi Gwaggo. "To me ya hana ta faɗa mani?"

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan fari ne?"

"E, Gwaggo."

"Je ka tambayi uwarka sunanka."

Ya yi dariya har da buga tebur.

Washegari na koma Tsibiri, na zauna bakin tabarmar Inna. Na ce, "Inna, an fasa iskar. Allura za a yi maki a baya, idonki biyu, ki ja carbinki suna aikinsu."

Ta dube ni, ta dubi takalmina a bakin ƙofa, duk laka. "Lakar ina ta wagga?"

"Jiratawa. Gwaggo na gaishe ki."

Ta kama bakin zanenta tana gyarawa, ta gyara, ta sake gyarawa. Can ta ce, "Tsahara ta tsuhwa, bakinta bai tsuhwa ba." Sai kuma ta ce, "In dai babu abin gursunu, mu tahi."

Na ce, "Babu abin gursunu, Inna."

A nan muka ƙulla, ni da ita, ba wanda ya furta. Ina iya fita tasha in wanke sunana da kalma uku, amma da mayafinta zan wanke shi. Na ce a raina, Sani, sunan ai bai da nauyi, ɗauka.

Aka yi aikin lafiya. Ma'aikatan suka ce tunda suke ba su ga irinta ba, suna ɗinki tana faɗa masu su bar hirar ƙwallo su kula da abin da ke gabansu, kuma ta tambayi lokotoron ko yana da aure, don tana da jikanya. Da aka maida ta ɗaki na zauna da ita har ta sha kunu. Na tashi zan fita, na kai ƙofa, sai ta kira ni, fuskarta na kallon bango.

"Sani. Ka hwaɗa ma wancan na Sabon Gari, in ciwo ya kama shi kada shi yarda da abin hancin nan. Shi da ɗiya nai duka."

Na ce, "Saboda gursunu, Inna?"

"Saboda gursunu mana. Saboda mi?"

Na sami Alhaji a bayan kanti shi kaɗai cikin buhuna, na ba shi saƙon, na ba shi labarin Gwaggo, na ba shi na Madam. Makullan suka daina kaɗawa.

Ya ce, "Wato kana nufin ni da ƴan ala…"

"Ban ce ba, Yaya."

"Kada ka ce."

"Ban ce ba."

Ya juya mani baya yana gyara buhun da bai karkace ba. "Har can ta bi mu?"

"Gindin bedi."

Ya goge ido da hannun riga. Sannan ya ce barkonon bana yana da shiga ido, ko da yake buhunan shinkafa ne. Washegari na biyo ta ƙofar kanti, sai na ji murya ta fi ta kullum ƙarfi, "Ku matsa ma Sani Gursunu!" Na gane shi ma ya shiga ƙullin. Mu uku muka riƙe ma gursunu laifin da bai yi ba, Gwaggo ta huɗu, in ta tuna.

To ga abin da nake so ku riƙe, ku da ɗiyan Alhaji, da waɗanda za ku haifa. Duk ranar da wani lokotoro ya tambaye ku ko a gidanku an taɓa samun matsala da iskar barci, ku ce akwai. Ku faɗa da ƙarfi, ku ba shi labarin ƙafar da ta zama icce. Wataƙila babu komai a jininku, ni ma ban san nawa ba, amma kunyar ta tafi da mai ita, ba ta bar maku gado ba.

Koren kwanon kuwa ba ta taɓa ɗage mani shi ba har ta koma ga Allah. Ta yaya za ta ɗage, a ce ashe ba gursunu ba ne? Sai dai tun daga shekarar nan, duk ranar da na buɗe murfin sai in tarar da hanta da cinya, akushi kuwa wuya da ƙasusuwa. Wata sallar layya Alhaji ya leƙo kwanona, ya dubi akushinsu, ya sake leƙo nawa, ya ce yadda za a ji a ɗaki, "Sani, don Allah a ina ake samun aladun nan? Ni ma ina so in rungumi ɗaya." Inna na zaune ta ba mu baya, ba ta juyo ba, amma kafaɗunta sai rawa suke.

Kwanon na nan saman kabad ɗin uwarku. Ranar rabon kayan Inna ba wanda ya yi mani gardama a kansa.